Ɗan Kwikwiyona Ya Yi Ƙaton Ciki, Ƙafafunsa Sun Fara Gwamewa: Me Zan Ciyar Da Shi?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Da damina noma nake yi, da rani kuma ina bin Baffana farauta tun ina yaro. Ina da babban kare ɗaya, kwanan nan kuma wani aminin Baffa ya ba ni ɗan kwikwiyo daga wata karyarsa da ta yi suna wajen kamun zomo. Yanzu watansa biyu da rabi. Abin da muke ba su shi ne ƙanzo da ragowar tuwo da miya, wani lokacin dusa da ruwa. Ɗan kwikwiyon ya yi ƙaton ciki, gashinsa ya bushe ya tashi tsaye, ƙafafunsa na gaba sun fara gwamewa. Babban kuma da an ɗan taɓa gudu sai ya nemi inuwa ya kwanta. Wani abokina da ke Kano ya ce in sayi abincin kare na buhu, da na ji kuɗin sai da na riƙe baki. Baffa ya ce kada in lalata kare da gata, kare mai yunwa shi ke kamu. Inna kuma ta ce ita ba ta ga dalilin da za a ba kare nama a gidan da mutane ba su ƙoshi da shi ba. Malam, maganar wa zan ɗauka?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya sa albarka a neman halal.

Cikin mutum ukun nan babu wanda ya faɗa maka ƙarya, kowa dai ya kama gefe guda ne ya riƙe. Amma kafin mu zo kan maganarsu, ɗan kwikwiyon nan ba zai iya jira ba. A shekararsa ta farko kare yake gina ƙashi da ƙirji da ƙafa, musamman watanni shidan farko. Abin da ya kuɓuce masa a wannan tsakani da wuya ka mayar masa da shi daga baya, ko me za ka ba shi.

Ka fara da tsutsa, domin ita ce ta farko a zargi duk inda aka ga ɗan kwikwiyo da ƙaton ciki da busasshen gashi. Yawancinsu da ita ake haifarsu, tana ratsawa tun suna cikin uwa, wata kuma a nono suke tsotso ta. Muddin tana ciki, duk abin da ka zuba masa a kasko ita kake ciyarwa. Ka zaunar da shi, ka ɗaga leɓensa na sama da yatsa ka dubi dasashinsa. Na mai lafiya jaja-jaja ne, idan ka danna ya yi fari sai jinin ya dawo nan take. Idan ka tarar da shi fari fat, to akwai mai shan jininsa, ko tsutsar hanji ko kaska, kuma wannan ba abin jinkiri ba ne. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce a ba ɗan kwikwiyo maganin tsutsa tun yana da mako 2, a maimaita duk bayan mako biyu har ya kai wata 3, sannan duk wata har ya kai wata 6, daga nan duk bayan wata uku. Naka ya riga ya makara, sai a fara yanzu. Magunguna irin su pirantel da fenbendazol sun dace da ƙananan karnuka, amma da nauyin jiki ake auna su. Ka sa shi a buhu ka rataya a sikelin masu hatsi ka san kilonsa, ka je da lambar wajen malamin dabbobi. Ina roƙonka kada ka ɗebi allurar shanu da ido ka caka masa, hakan ya sha hallaka 'yan kwikwiyo masu asali. Babban karen ma a ba shi nasa a rana ɗaya. Kashinsu kuma a riƙa kwashewa ana binnewa, domin ƙwan tsutsar yana zama a ƙasa, yaran gida masu wasa a tsakar gida suna iya kwasa.

Sai ƙafafu. Wannan daga kasko take. Ƙanzo da tuwo da dusa suna cika ciki, suna ba da ɗan kuzarin yawo, amma babu abin gina nama da ƙashi a cikinsu sai kaɗan. Dusa ma ta fi muni, domin tana ɗauke da sinadarin da ke ɗaure ɗan kalsiyam ɗin da ke cikin abinci, wato sinadarin gina ƙashi, ya hana jiki amfana da shi. Idan jikin ɗan kwikwiyo bai samu kalsiyam a abinci ba, sai ya koma yana zare shi daga ƙashinsa, ƙashin ya yi laushi, nauyin jiki ya lanƙwasa shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsokar nama zalla ba ta maganin wannan, tana ma iya ƙara shi, domin nama yana da fosfaras mai yawa, kalsiyam kuwa ɗan mitsitsi. Kare a dawa idan ya kama ɓera ko tsuntsu, da ƙashi da komai yake cinyewa, shi ya sa lissafinsa ke daidaita. Wani abin kuma, mu mutane fatarmu tana haɗa bitamin D idan muka sha rana, amma ta kare ba ta yin haka yadda zai ishe shi. A kifi da ƙwanduwar ƙwai da hanta yake samun nasa. Don haka shanya shi a rana ba zai miƙar masa da ƙafa ba.

Albishir ɗin shi ne, a wata biyu da rabi ƙashi bai gama yanke shawara ba. Idan an kori tsutsa an gyara kasko, sau da yawa ƙafar tana miƙewa cikin 'yan makonni.

Ga yadda zan haɗa tukunyar da a ce ni ne kai, kuma duk kayan suna nan kusa da kai. Ka ɗauka abincinsa ludayi goma ne. Huɗu zuwa biyar su zama hatsi da aka dafa ya yi luguf: gero, dawa, masara ko tsakin shinkafa, a dama shi da ɗan kauri ba tare da kanwa ko yaji ba. Uku zuwa huɗu su zama abin da ya fito daga dabba: kifi, ƙwai, tumbi, huhu, saifa, zuciya, guntayen da mahauci ke sharewa daga kan tebur. Ludayi ɗaya wake ko waken suya da aka dafa sosai aka murƙushe, domin ɗanyen waken suya yana hana narkewar abinci. Ɗayan da ya rage kabewa ce ko dankalin Hausa ko ɗan ganyen zogale dafaffe. Hanta tana da amfani ƙwarai, amma 'yar kaɗan, yanka ɗaya ko biyu sau biyu a mako, domin yawanta na jawo zawo, kuma bitamin A da ke cikinta idan ya taru yana cutar da gaɓoɓi.

Abin da na fi so ka riƙe cikin duka shi ne ƙananan busassun kifi. Kuna kusa da kogin Haɗeja, kifi ba baƙonku ba ne. Ranar kasuwar Gujungu ka je layin masu banda da yamma, lokacin da suke kakkaɓe kwanduna da kwalaye. A ƙasan kowane kwali akwai ɗiddiga, kawuna da ƙayoyi da guntayen da suka farfashe, waɗanda mai miya ba zai saya da daraja ba. Ka shinshina, ka tabbata babu warin fumfuna ko na maganin ƙwari, domin wasu na fesa wa kifi magani don kada ya yi tsutsa, irin wannan kuwa guba ne ga mutum da kare. Ka kawo gida ka ƙara shanya shi, ka daka a turmi har ya zama gari, babu ƙaya ko ɗaya da za ta soki yatsa idan ka murza. Wannan garin nama ne da ƙashi da mai a wuri ɗaya. Babban cokali ɗaya ko biyu a kowane ci ya sauya rayuwar ɗan kwikwiyo.

Na biyu, ɓawon ƙwai. Mai shayin garinku zubar da shi yake yi kullum. Ka karɓo, ka tafasa, ka shanya ya bushe ƙayau, ka niƙe shi ya yi laushi. Ɓawon ƙwai guda yana ɗauke da kalsiyam kusan giram 2. Ga ɗan kwikwiyo irin naka, rabin ƙaramin cokalin shayi a rana, a rarraba a cikin abincinsa, ya wadatar idan yana samun garin kifi. Kada ka ce tunda yana da amfani bari in ninka, domin yawan kalsiyam ma yana ɓata ƙashin ɗan kwikwiyo kamar yadda rashinsa ke ɓatawa. Ƙwan kansa a dafa shi kafin a ba shi. Nono mai tsami ko kindirmo marar sukari, rabin ludayi, yana da kyau, ya fi ɗanyar madara wadda ke sa karnuka da yawa zawo.

Cikin ɗan kwikwiyo ƙarami ne, buƙatarsa kuwa babba, saboda haka sau huɗu zai ci a rana har ya cika wata 3, sau uku har wata 6, daga nan sau biyu. Ka raba masa kasko da babban kare, in ba haka ba sai dai ya lashi gefe. Kada kuma ka sauya abincin dare ɗaya. Ka riƙa haɗa sabon da tsohon, kana ƙara wannan kana rage wancan, har kwana bakwai. Ma'aunin ƙoshi kuwa yana tafin hannunka: ka shafa haƙarƙarinsa, ya kamata ka ji ƙasusuwan a ƙarƙashin 'yar tsoka ba tare da ka danna ba. Idan daga nesa kana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ga ƙashin ƙugu ya fito tsuru, abinci ya yi kaɗan. Idan sai ka lalubo su, ya yi yawa. Karnukanmu na gida dama siraran jiki ne masu shafaffen ciki, ba a son su yi teɓa.

Miyar gida ka daina zuba musu. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ko dafaffu, kuma illar a hankali take taruwa, sai dai ka ga kare yana kasala kana cewa lalaci ne. Ba zan yi mamaki ba idan wannan na cikin abin da ke kwantar da babban karenka a inuwa. Ga gishiri da dunƙulen ɗanɗano da barkono, babu wanda jikinsa ke buƙata a cikinsu da yawan da muke sa wa. Goro da cakulan guba ne gare shi. Ƙashin kaza ko na zabo da aka dafa yana tsagewa ya yi tsini ya huda hanji. Idan kana son ya amfana da ƙashi, ka tafasa na saniya ka zuba romon a abincinsa. Abincin kajin gidan gona ma wasu na ba karnuka saboda araha, alhali wani ana haɗa shi da maganin cutar hanjin kaji da ke iya shanye ƙafafun kare ko ya kashe shi. Farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane kuwa, kada ko da wasa.

Abu biyu zan ɗan tsaya a kansu, domin su ne aka fi yi a ƙauyukanmu da kyakkyawar niyya.

Na farko, hatsin da ya lalace. An buɗe rumbu ko buhu an tarar masara ta yi fumfuna, ko gyaɗa ta yi baƙi tana ɗaci, sai a ce a dafa wa kare kada a yi asara. Wannan fumfunar tana fitar da guba mai suna aflatoksin wadda wuta ba ta kashe ta, kare kuwa yana cikin dabbobin da ba sa jure mata ko kaɗan. Hanta take ci. Kare ya ƙi abinci, ya yi ta amai, fararen idanunsa su koma ɗorawa, kafin a farga ya tafi, a ce sammu aka yi masa ko guba aka sa masa. Ƙuli-ƙuli da tunkuza suna da amfani a tukunyar kare, amma sai na gyaɗa mai kyau, wadda kai ma za ka iya ci.

Na biyu, ɗanyen kayan ciki. Ka taɓa tsayawa wajen mahauci yana feɗe tunkiya ko saniya ko raƙumi, ya ci karo da wata 'yar jakar ruwa fara a jikin huhu ko hanta, ya yanke wurin ya wurga wa karnukan da ke zagaye? A cikin jakar nan akwai 'ya'yan wata tsutsa da ba ta girma sai a hanjin kare. Kare ya ci, ta girma, ƙwanta ya fito a kashinsa ya hau ciyawa da gashinsa da hannun yaron da ke shafa shi. A jikin mutum irin wannan jakar take yi a hanta ko huhu, ta yi shekaru tana girma, ƙarshenta sai tiyata. Haka kan tunkiyar da ta yi ciwon juwa, mai zagaye wuri ɗaya: idan kare ya ci ƙwaƙwalwarta ɗanya, shi zai yaɗa cutar ga sauran tumakin gidan. Hanjin zomo da mafarauta ke jefa wa kare a dawa shi ma yana ɗauke da irin tasa tsutsar. Maganin duka ɗaya ne, tafasa. Duk abin da ya fito daga cikin dabba ya shiga tukunya ya dahu kafin ya shiga kasko, mai jakar ruwa kuma a ƙone ko a binne da zurfi. Mushe, da ɓeran da aka kashe da magani, ba abincin karen da ake so ba ne. Kare mai zuwa dawa kuma maganin tsutsarsa na bayan wata uku ya kasance mai ɗauke da firazikwantel, shi ne ke kashe wannan nau'in.

Abokinka na Kano ba laifi ya yi ba. Abincin buhu mai kyau an riga an auna komai a cikinsa, kuma ga ɗan kwikwiyo mai matsalar ƙashi shi ne hanya mafi sauƙi. Idan aljihu zai iya ɗaukar ƙaramin buhu na wata biyu ko uku don a fitar da shi daga wannan hali, kuɗin bai tafi a banza ba. Sai dai ka san abin da kake saya. Ka nemi wanda aka rubuta Puppy a jikinsa, shi ne na yara. Ka juya bayan buhun, akwai jerin kayan haɗi, abin da aka fara ambata shi ya fi nauyi a ciki, ana so ya zama kaza ko nama ko kifi. Akwai kuma alƙaluma: ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda kamfanoni da yawa ke bin ma'auninta, ta sa mafi ƙarancin furotin, wato sinadarin gina jiki, ga ɗan kwikwiyo kashi 22.5 cikin ɗari, ga babban kare kashi 18. Na karnukan aiki masu gudu yakan kai furotin 30, mai 20. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda ake aunawa a leda daga buɗaɗɗen buhu a cikin zafin kasuwa ka bar shi, ba ka san ranar da aka buɗe shi ba, man cikinsa yana hamami, fumfuna ma na kama shi. Idan yana cin na buhu zalla, ka daina ba shi ɓawon ƙwai, an riga an sa kalsiyam a ciki. Amma in faɗa maka ra'ayina, ga manomi a Taura, tukunyar da na bayyana maka ita ce za ta ɗore. Abincin da za ka saya wata ɗaya ka kasa na biyu bai kai wanda za ka iya dafawa shekara da shekaru ba.

Yanzu maganar Baffa, kuma ita ce na fi so ka fahimta da kyau, domin tsoho bai kwana a dawa shekaru masu yawa a banza ba. Gaskiyarsa, ba a sakin kare da cikakken ciki. Karen da ya ƙoshi da safe nauyi yake yi, ya yi amai a guje, zafi ya fi saurin kama shi, wani ma cikinsa ya kumbura ya murɗe, abin da ke kisa cikin sa'o'i. Masu karnukan aiki a ko'ina a kan haka suke: babban ci da yamma ne bayan an dawo, an huta kamar awa ɗaya, numfashi ya daidaita. Da safen farauta ruwa ne kawai, ko 'yar loma. Har nan Baffa ya fi abokinka sani.

Inda na rabu da shi shi ne a mayar da yunwa abincin kullum, ko a hana kare ci kwana biyu don ya yi zafin nama. Ba ka taɓa ganin wanda ya hana bijimin huɗa harawa don ya fi jan garma ba. Son bin zomo a jinin kare yake, horo ke gyara shi, yunwa ba ta ƙara masa hanci ko ƙafa. Abin da take yi shi ne ta cinye tsokar cinyarsa, ya yi gudun farko da zafi, a na biyu zomo ya bar shi. Wani sukarin jininsa ya faɗi a tsakiyar dawa, ka ga yana tangaɗi yana karkarwa. Idan haka ta faru ka shafa masa zuma ko ruwan sukari a dasashi, ka ɗauke shi zuwa inuwa, farautarsa ta ranar ta ƙare. Barkono ko albarushin da wasu ke zubawa a abinci wai don kare ya yi faɗa, ƙona masa ciki kawai yake yi, kuma zalunci ne.

Kare mai dogon gudu da mai yake aiki fiye da hatsi, jikinsa kuma yana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ya saba da ƙarin man. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a kiwon kare ranar farauta. Tun ana yankan gero za ka fara ƙara wa babban karen kitse ko cokalin man gyaɗa a abincinsa, kaɗan-kaɗan don kada cikinsa ya ɓaci, kana fita da shi yawo yana motsa jiki. A tsakiyar lokacin farauta yana iya buƙatar abin da ya kai ɗaya da rabi ko ninkin abin da yake ci da damina. Idan an ajiye gora an koma gona, sai a rage.

Akwai kuma fuskar addini da za ta taimake ka wajen Baffa. Allah Ya halatta mana abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo mana a Suratul Ma'ida aya ta 4, da sharaɗin ambaton sunanSa. A hadisin Adiyyu bin Hatim da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin abin da kare ya kama ya ci daga ciki, don gudun kada ya zama kansa ya kama wa. Malamanmu na Malikiyya suna da sassauci a wannan mas'ala, sai ka tambayi limaminku. Amma ko ta wace fuska aka duba, cikar karen farauta ita ce ya kama ya riƙe wa ubangidansa, kuma da wuya ka samu haka daga dabbar da yunwa ta gigita. Dabbar da ka ɗaure a gidanka kuwa, cinta da shanta amana ce a wuyanka. Kada ka je wa Baffa da gardama ko ka ce a jarida ka karanta. Ka ce masa ka ɗauki maganarsa ta rashin ciyarwa da safe, kana neman izininsa ka gwada ciyar da su da yamma har zuwa kaka, shi da kansa ya duba ƙirjinsu da gudunsu ya yanke hukunci. Tsohon mafarauci ya san kare mai kyau idan ya gan shi.

Ruwa kuma kada a raina shi. Kare ba ya gumi a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi. Ko yana kwance a gida, kare mai kilo 20 yana buƙatar fiye da lita ɗaya a rana, balle a guje cikin zafin Maris da Afrilu. Ka riƙa tafiya da gorar ruwansa daban, kana ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai. Idan ka ga harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, ƙafa tana harɗewa, ka tsaya a inuwa ka jiƙa masa ciki da hammata da tafin ƙafa.

Inna kuma tana da gaskiya cikakkiya, kada ka ja da ita. Ba a ɗaukar naman miyar gida a ba kare yara suna kallo. Duk abin da na lissafa maka daga abin da ake zubarwa ne ko ake sayarwa da arha: ɗiddigar kifi, ɓawon ƙwai, sharar teburin mahauci, kayan cikin abin da kuka kamo. Ka ware wa karnukan tsohuwar tukunyarsu da ludayinsu, ka riƙa dafawa da kanka a gefe, kada ka ɗora mata aikin. Kuɗin kifin ya fito daga abin da farautar ke kawowa. Idan kuma ka auna ka ga ba za ka iya riƙe biyu yadda ya kamata ba, gara ka riƙe ɗaya da kyau, ɗayan ka ba wanda zai iya.

Saura rigakafi, wanda idan babu shi duk wahalar nan tana iya tafiya a mako ɗaya. Cutar fabo tana kama 'yan kwikwiyo da amai da zawon jini mai ƙarni, tana kuma kashe da yawa daga cikinsu. Allurarta ana fara ta ne a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Ba ka ce naka ya samu ko ɗaya ba, saboda haka kada ya shiga cikin karnukan 'yan farauta tukuna. Da ya cika wata 3 a yi masa ta haukan kare, a kuma riƙa sabuntawa duk shekara, shi da babban. Karen dawa yana haɗuwa da dila da yanyawa da baƙin karnuka, shi ya fi kowa buƙatarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan duka kuma daga cizon kare. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa allurar, kuma a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan yi gangamin allurar kyauta a wurare da dama, sai ka sa kunne. Idan kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Ɗan kwikwiyon kada ka bar shi yana tsalle daga kan dakali ko kokawa da babban har ƙafar ta miƙe, doguwar farauta kuma sai ya kusa shekara. Idan ka je ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku karɓar maganin tsutsa, ka tafi da shi a duba ƙafar da ido. Idan kuma bayan mako uku ko huɗu da gyaran abinci gwamewar tana ƙaruwa, ko yana kuka in an taɓa shi, ko ya daina taka ƙafa ɗaya, ka kai shi wajen likitan dabbobi a Dutse ko Kano, domin ƙashi mai laushi yana iya tsagewa ba tare da an ga rauni a waje ba. Ka rubuto mini yadda ake ciki, da kilonsa na yanzu da na lokacin. A gaida Baffa da Inna.